Tambaya da Amsa: Wai mutum zai iya haɗa furosesa a ɗakinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai son harkar wayarin, na iya haɗa ƴan fitilu da ƙaramin rediyo, yanzu kuma so nake in haɗa ƙwaƙwalwar kwamfuta da hannuna, wato furosesa. Abokaina sai dariya suke min wai wannan sai kamfani. Don Allah da gaske ba zai yiwu ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abokan naka sun yi gaskiya amma rabi. Irin wadda ke cikin wayarka mai transista (ƴan mitsitsin makunnai masu buɗe wuta da rufe ta) biliyoyi kam cire ranka, sai masana'anta. Amma fa Intel 4004 da ta fito a 1971 transista 2,300 ne kacal a cikinta, kuma akwai wani Bature James Newman a Ingila da ya haɗa tasa da transista ɗaiɗai sama da 40,000 har ta cika ɗaki. Kai ba sai ka wahala haka ba, ƙananan IC (ƴan ƙwayoyi masu ƙafafu da aka haɗa transista da yawa a cikinsu) na jerin 74, wato waɗanda lambarsu ta fara da 74, sun ishe ka, da allon gwaji mai ramuka wanda ba ruwanka da solda, da wuta bolt 5.

Fara da agogo, shi ne bugun zuciyar abin. IC 555 za ka sa, ka rage mata gudu sosai kamar bugu ɗaya a sakan, ka kuma sa maɓallin da za ka dinga dannawa da yatsa, don in ka ga fitila ta kama inda bai kamata ba ka tsaya ka duba. Sai rajista, wato ƴar ma'ajiyar lamba, 74LS173 tana riƙe bit 4 (kowane bit 0 ne ko 1) don haka biyu za ka haɗa ka samu 8, haka ma 74LS283 mai yin tarawa. Ranar da ka ga 3 da 5 sun ba ka 1000 a fitilu (ɗaya a kunne, uku a kashe), wato 8 a lissafin kwamfuta na 0 da 1, wallahi barci ma ba za ka iya ba.

Inda ake shan wuya ba lissafin ba ne, wayoyi ne. Ni na taɓa yin kwana uku ina zargin IC, na canza ta har sau biyu ina ta masifa, ashe wata ƴar waya ce ba ta zauna a raminta ba, sai na taɓa ta da farce komai ya dawo daidai. Ka sa kafasita (ɗan abin da ke tara wuta yana daidaita ta) 100nF kusa da kowace IC, kar ka bar ƙafar shiga a sake ba ka ɗaure ta ko'ina ba, kuma kar ka yarda IC biyu su zuba bayanai kan layi ɗaya a lokaci guda, 74LS245 ce ke tsaron wannan ƙofar.

Kafin ka sayi komai ka zana shi a manhajar Logisim tukuna, kyauta ce, in ya yi aiki a can sai ka ɗauko wayoyin haɗawa.