Karen Azawak: shin kiwonsa sana'a ce da za a zuba wa jari?

Wani ɗan kasuwa daga Tawa, wanda ya daɗe yana sarin awaki da tumaki a kasuwannin Abalak da Badagishiri yana kai su Yamai, ya aiko da tambaya. Ya ce ɗansa ya nuna masa a waya yadda Turawa ke neman karen Azawak da tsada, shi kuma yana da jika 800 na sefa a ajiye, yana son ya san ko ya dace ya sayi karnuka huɗu ko biyar ya shiga kiwonsu, ya riƙa sayar wa makiyayan gida da masu saye na ƙasashen waje.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amsata a taƙaice ita ce kada ka taɓa jarin dabbobinka saboda wannan harka, kuma kada ka fara da karnuka biyar. Ga dalilaina.

Da farko ka san hajar da kake son shiga. Wannan kare ya samo sunansa ne daga kwarin Azawak, wanda ya ratsa arewacin jihar Tawa ya shiga Mali, wurin da shanun Azawak ma suka samo nasu sunan. Abzinawa da Fulani makiyaya ne suka riƙe shi tun kaka da kakanni, a Nijar da Mali da arewacin Burkina Faso. Dogo ne siriri, namiji yakan kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa da nauyin kilo 20 zuwa 25, mace kuwa santimita 60 zuwa 70 da kilo 15 zuwa 20. Na taɓa yini a wani zango bayan Abalak, na ga ɗaya ya tona rami a gindin aduwa ya kwanta cikin sanyin ƙasa, haƙarƙarinsa da ƙasusuwan ƙugunsa duk a waje, har wani abokin tafiyata ya ce yunwa ce ke cinsa. Mai zangon ya ce haka Allah ya yi shi, kuma da la'asar, da zomo ya gifta, muka ga gudun da ido ba ya iya bi.

Aikinsa gadi ne da farauta. Yana tsare garke da bukkoki daga dila da kura da baƙon da ba a sani ba, amma ba shi ne ke kora shanu zuwa rijiya ko ya tattaro su kamar wasu karnukan Turai ba. Idan ka tallata shi a matsayin mai kora garke, mai saye zai dawo maka da kayanka.

Sai batun kasuwar gida. Makiyayi ba ya zuwa kasuwa neman kare, daga wurin ɗan'uwa ko aboki yake karɓar kwikwiyo kyauta, kuma wannan al'ada ce mai ƙarfi da kuɗinka ba zai sauya ta ba. Masu sayen da suka rage su ne masu garka da gidajen gona a kewayen Tawa da Yamai, da 'yan tsirarun masu sha'awa, kuma waɗannan ba su kai yawan da za su ɗauke 'ya'yan karnuka biyar duk shekara ba. Akwai kuma abin da bai kamata in tsallake ba: Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce an hana sayar da karnuka, sannan malamai sun yi saɓani kan sayar da wanda aka yarda a riƙe, kamar na farauta da na tsaron dabbobi. Ka zauna da malaminka a kan wannan tun kafin ka fitar da ko dala.

Kuɗin da ɗanka ya gani gaskiya ne akwai su, amma a waje suke, kuma hanyar zuwa gare su doguwa ce. An fara kai wannan kare Turai a farkon shekarun 1970, zuwa Yugoslabiya da Faransa, ƙungiyar karnuka ta duniya ta amince da shi a farkon shekarun 1980, babbar ƙungiyar Amurka kuma ta ba shi cikakken matsayi a 2019. Da yake karnukan da ke can daga 'yan ƙalilan suka yaɗu, masu kiwonsu suna son sabon jini daga Sahel, kuma nan ne kaɗai nake ganin ƙofa. Sai dai Tarayyar Turai ba ta karɓar kare daga ƙasa irin tamu sai an dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an yi masa allurar ciwon haukan kare bayan ya cika sati 12, an jira kwana 30 an ɗebi jininsa an aika ɗakin gwajin da suka amince da shi, sannan a ƙara jiran wata 3. Idan ka haɗa lissafin, wata bakwai ke nan kana ciyar da shi kafin ya hau jirgi, kuma sharuɗɗan sun fi haka tsanani idan don sayarwa za a shigar da shi. Amurka ma tun 1 ga Agusta 2024 ba ta karɓar kare sai ya kai wata 6. Ka ɗora kuɗin kejin jirgi da takardun likitan dabbobi da tafiyar kusan kilomita 550 zuwa Yamai, za ka ga inda tsadar take tafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne juyawar jari. Tunkiyar da ka saya a Abalak kana iya mayar da kuɗinta cikin sati guda. Karyar Azawak kuwa galibi sau ɗaya take neman barbara a shekara, ta ɗauki ciki na kimanin kwana 63, kuma samun macen ma aiki ne, domin makiyaya sun fi barin maza su rayu. Zangunan da ke da tsantsar jinin suna can arewa, wajen Cintabaradan da Tasara da Tiliya, inda ka fi ni sanin halin tsaro. Kulawa kuma ba ta yankewa: tuwon hatsi da nono da ɗan nama, maganin tsutsar ciki da na kaska, allurar da ke kare 'yan kwikwiyo daga gudawar jini, wadda takan kashe duk 'ya'yan haihuwa guda cikin kwanaki, da wurin ɗumi lokacin hunturu, saboda fatarsa sirara ce ba kitse a ƙarƙashinta. Yana buƙatar fili ya yi gudu kullum. Wanda aka ɗaure a zaure yakan lalace, kuma da yake kare ne mai shaƙuwa da mai shi, mai ƙyuyar baƙo, wanda bai saba da mutane tun yana ƙarami ba yana da wuyar sauya gida.

Idan duk da haka zuciyarka tana wurin, ka nemi mace ɗaya ta hannun makiyayan da kuke ciniki da su, ka rubuta zangon da ta fito da kamannin uwarta da ubanta, ka ɗauki hotunansu, domin asali ne mai saye na waje ke biya. Ka kai ta ma'aikatar kiwo ta Tawa a buɗe mata katin allura, ka ajiye ta a garka inda za ta yi maka gadi, ka kuma rubuta duk abin da ka kashe a kanta tsawon shekara guda. Abin da za ka ware wa gwajin kada ya wuce ribar tafiya ɗaya ko biyu. Kada ka fara takardun fitar da kwikwiyo sai mai saye ya ba da kafin alƙalami da zai ɗauki kuɗin allura da gwajin jini. Sauran jika 800 ɗin ka bar su a cikin tumaki, musamman da yake Babbar Salla na tafe kowace shekara da kasuwar da ka riga ka san kanta.