Aikin hannu da tarkace a ajin nazare: me ya sa ba ya mannuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar nazare a Tudun Wadan Zariya, yarana 'yan shekara 3 zuwa 5 ne. Muna aikin hannu da kwalaye da robobi, amma duk abin da muka manna sai ya ɓalle, iyaye kuma suna ƙorafi wai shara muke ba 'ya'yansu. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙorafin iyaye yana kan hanya, don haka ki fara da tantance kaya. Ki wanke robobin ruwa da murafu da sabulu, ki shanya su a rana. Robar maganin feshi ko ta fiya-fiya, kwalbar magani, tsohon batir da leda, kada su shiga aji ko an wanke su. Gwangwanin tumatir bakinsa na yanka. Ga 'yan shekara 3 masu kai komai baki, duk abin da zai wuce ta cikin bututun kwalin da ke tsakiyar naɗin tishu, kamar marfin kwalba ko maɓalli, yana iya shaƙe yaro.

Sai batun manni. Sitaci da kunun fulawa suna kama abin da ke tsotse ruwa ne kawai, wato takarda, kwali da ƙyalle. Roba ba ta shan ruwa, shi ya sa da ya bushe yake ɓarewa. A kan roba sai salatif ko zare. Wajen haɗa kunun fulawar, ki dama cokali 2 na fulawa a kofi 1 na ruwan sanyi har gudaji su mutu, ki ɗora a wuta kina juyawa sai ya yi kaurin koko, ki zuba rabin cokalin gishiri, ki bari ya huce. Na yini ɗaya za ki haɗa, domin idan ya kwana biyu tsami yake yi. Yara kan lafta shi da yawa, kwali ya jiƙe ya lanƙwashe. Ki zuba wa kowane tebur kaɗan a faffaɗan marfin roba, su shafa da yatsa. Da hunturu aiki kan bushe a yini guda, amma da damina ki jera shi inda iska ke ratsawa, in ba haka ba fumfuna ta ci shi.

Ki fara da kacau-kacau: ƙaramar robar ruwa busasshiya, cokali 2 na gero, ke ki ɗaure marfin ki naɗe da salatif. Daga nan yara su naɗe jikinta da takarda, su manna guntayen atamfa, waɗanda telolin kasuwar Sabon Gari ke sharewa kullum. 'Yan shekara 5 kuma su yi motar kara irin tamu ta da, amma ki ɓare musu karan dawar tun a gida, ki kawo totuwar kawai, don ɓawon kaifi gare shi. Huji da yankan wuƙa duk naki ne, kafin yara su iso.

Minti 15 zuwa 20 sun isa. Kuma don Allah, Malama, kada ki karɓe aikin yaro ki gyara masa saboda a burge iyaye. Yage takarda da shafa manni su ne ke ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir. Ki rubuta sunansa a jiki ko da ya karkace, ya kai wa mahaifiyarsa ya yi mata bayani da bakinsa.