Amsar Baffa Kan Rawar Hannun Mahaifinki

'Yata, saƙonki ya iso ni bayan la'asar. Na karanta na yi murmushi, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Kin tambaya ko al'ada ta yarda mahaifinki ya zauna a zaure ranar ɗaurin auren ƙanwarki, tunda hannunsa na dama ya fara karkarwa, wasu a gida kuma suna cewa a rufa masa asiri, kada baƙi su gani. Ashe mun kai zamanin da zaman uba a zaurensa ya zama abin tambaya.

Kakanmu malamin allo ne, kuma ina ɗan shekara 12 ni ke dama masa tawada. Ni na fara lura rubutunsa yana ƙanƙancewa, ya fara layi da manyan baƙaƙe, kafin ya kai ƙarshe sun koma kamar sawun tururuwa. Idan ya ɗora hannu a gwiwa, babban yatsa da manuni sai su yi ta murza juna kamar mai jan carbi, amma da ya miƙa hannu zai ɗauki buta sai rawar ta lafa.

Ranar sunan mahaifinki abin ya fito fili. An idar da sallar asuba, zaure ya cika, goro yana kan faifai, rago yana ɗaure a jikin darbejiya, aka aika ni in kira shi ya yi addu'a. Ya taho yana jan ƙafa da gajeren taku, hannunsa ɗaya a manne da jiki ba ya lilo, da ya iso dokin ƙofa sai ƙafafun suka kafe kamar an dasa su. Ya daɗe tsaye, jama'a sun zuba masa ido, fuskarsa ba ta nuna komai ba, har wasu suka ɗauka fushi yake yi. Da ya samu ya zauna, muryar da ke cika makaranta ta dawo raɗa, na kusa da shi kaɗai suka san inda za su ce amin. Kafin a gama feɗe rago magana ta zaga gari, masu cewa sammu ne, masu cewa iska ce.

Daga ranar aka mayar da shi ɗaki, aka shiga turare da jiƙe-jiƙe, almajirai suka watse. Kakarmu ta sha faɗa wa iyayenmu cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma tsoho idan aka raba shi da mutane an fara yi masa jana'iza da ransa. Ba a saurare ta ba. Ni ake sa wa in saki asabari idan baƙi sun shigo, kuma wannan yana damuna har yau.

Sai a 1996, da na ga Muhammad Ali a talabijin riƙe da wutar gasar Olamfik a Atlanta, hannunsa yana rawa a gaban duniya, na gane ciwon Kaka. Sunansa cutar Parkinson, sunan likitan Landan da ya bayyana ta a 1817. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa a hankali, shi ya sa motsi ke yin nauyi, gaɓoɓi su sandare. Ba a ɗaukarta ta wurin cin abinci tare ko musabaha. Ba ta warkewa, amma akwai magani, levodopa, da ke sassauta ta sosai, motsa jiki kuma yana taimakawa. Ba kowace karkarwa ce ita ba, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne zai tantance.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne kun shafe makonni kuna shawarar anko da abincin biki a waya, amma ba wanda ya ce a kai mahaifinki asibiti. Ki lura mini da rubutunsa da tafiyarsa, ki kuma tambayi mahaifiyarki ko ya daina jin ƙanshin girki, ko yana fama da taurin bayan gida, domin waɗannan sukan riga karkarwar zuwa. Ina nan tafe ranar Alhamis in Allah ya yarda, ni zan yi masa maganar likita da kaina. Ku shimfiɗa buzuna kusa da nasa.