Bose 901: me ya sa masana sauti suka kasa haɗa baki a kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga tsofaffin sifiku guda biyu ƙirar Bose 901, 'yan Kwatano, a wani shago a France Road cikin Sabon Gari, kuma raina ya biya. Na nemi shawarar mutum biyu da suka san harkar sauti. Ɗaya ya ce in na same su na more, ɗayan ya ce suna kawai zan saya. Mai shagon kuma ya ce akwai wani ɗan akwati da ke zuwa da su, bai zo a cikin kayan ba, amma wai ba dole ba ne. Wa zan bi? Daga mai karatu a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokan naka biyu babu wanda ya yi maka ƙarya. Wanda maganarsa ba ta kan hanya shi ne mai shago, kuma zan zo kanta.

Wannan gardama ta girmi yawancinmu. Amar Bose malamin injiniya ne a jami'ar MIT da ke Amurka, ya kafa kamfaninsa a 1964, ya fito da 901 a 1968. Abin da ya gina ta a kai shi ne, in kana zaune a babban zauren kiɗa, ɗan kaɗan ne daga sautin ke zuwa kunnenka kai tsaye daga makaɗa. Mafi yawansa sai ya daki bango da rufi kafin ya iso ka. Sai ya ce to bari sifika ma ta yi haka a falo. Ya zuba ƙananan sifiku tara a kowane akwati, kowace faɗinta kamar inci huɗu da rabi, takwas suna kallon bango, ɗaya tak ce ke kallonka. Lissafin kamfanin shi ne kashi 89 cikin ɗari na sautin ya biyo ta bango, kashi 11 ya zo kai tsaye.

Daga nan aka rabu. Mai son ya ji kiɗa ya cika ɗaki, duk inda ya zauna sauti ya lulluɓe shi, in ya ji 901 ba ya ƙara son wata. Na taɓa sa mata kiɗan taushi a wani falo mai bangon siminti, sai ka rantse makaɗan suna bayan bangon ne, falon ya ninka girmansa a kunne. Amma akwai wani irin mai sauraro da ke rufe ido yana so ya nuna da yatsa: ga mai kalangu nan a hagu, ga mawaƙi a tsakiya, ga 'yan amshi can baya. Shi wannan 901 takan ɓata masa rai, don bango ya riga ya baza sautin, murya ɗaya sai ta yi faɗin tabarma. Tun 1970 mujallar Consumer Reports ta rubuta irin wannan ƙorafi, ta ce kayan kiɗa sukan yi girman da ya wuce kima kuma suna yawo a ɗaki. Bose ya kai ƙara, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta ba masu mujallar nasara a 1984. Shekara goma sha huɗu ana fafatawa a kan abin da kunne ya ji. Masu sukar suna kuma jin haushin yadda kamfanin ba ya son bayyana alƙaluman awon sautin kayansa kamar yadda sauran kamfanoni ke yi, suna ganin talla ta fi aikin yawa.

Ni a nawa kunnen, ga karatun Alƙur'ani ko waƙar da murya ce gaba, na fi son sifikar da ke fuskantata, mai ufa (babbar sifika mai fitar da sauti mai kauri) da tuwita (ƙarama mai fitar da siririn sauti) daban-daban, irin tsofaffin JBL ko Wharfedale. Harafi ya fi fita tas. Ga kiɗan taro mai ganguna da yawa kuwa, 901 tana da wani daɗi da ba na musun sa.

Yanzu batun akwatin nan. Ikwalaiza ce, wato na'urar daidaita sauti, kuma rabin sifikar ce. Ƙaramar sifika mai inci huɗu da rabi ba ta iya fitar da bes, wato sauti mai kauri na can ƙasa, ba ta kuma iya kai wa siririn sauti na can sama. Tara ɗin in an haɗa su suna tura iska kusan kamar ufa mai inci 12, amma sai an ɗaga musu ƙasa da sama da ƙarfi kafin sautin ya daidaita, aikin akwatin ke nan. In babu shi, abin da za ka ji tsakiya ce zalla, kamar rediyo a cikin kwali. Da yawan waɗanda ke zagin 901 a garin nan a haka suka ji ta, an jona ta kai tsaye da amfilifaya a bakin shago, bayanta na kallon titi, babu bango babu ikwalaiza. Kuma ba kowace ce ke shiga ba: ta zubi na ɗaya da na biyu daban, ta uku da huɗu daban, ta biyar da shida daban. Duba bayan akwatin sifikar ko ƙasansa ka ga wane zubi ne. An daina ƙera 901, don haka sai dai ka nemi tsohuwar ikwalaiza. In daga Amurka ta fito, wutar 120 take sha, tamu kuwa 230 ce, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba jonawar farko za ta ƙone. Amfilifayarka ma dole ta kasance mai ƙarfi, mai kuma wurin da za a ratsa ikwalaizar, abin da yawancin ƙananan na'urorin falo na yanzu ba su da shi.

Sai ka sa a buɗe maka ragar baya ka duba bakin kowace sifika. Zubi na uku da na huɗu da soso aka zagaye su, soson nan kuwa yana ruɓewa da shekaru, zafinmu na bazara yana ƙara masa sauri. Taɓa shi a hankali da ɗan yatsa. In ya dangwale ya bar maka baƙin danƙo a hannu, to ka sani sifiku goma sha takwas ne ke jiran gyara, ɗaya bayan ɗaya. Ana yi, na sha yi, amma aiki ne na haƙuri kuma dole kuɗinsa ya fita daga farashin.

Falonka shi ne alƙali na ƙarshe. 901 tana son bango mai tauri a bayanta, da tazarar ƙafa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da sarari a gefe da gefe, a ɗora ta a kan mazauninta mai tsayi, ba a ajiye a ƙasa ko a cusa cikin shokes ba. Ginin bulo da filasta irin namu ya dace da ita ƙwarai. Matsalar ita ce labule. Wani bawan Allah a Tarauni ya kira ni yana cewa nasa sun mutu. Da na shiga, sai na tarar da labule mai kauri tun daga silin har ƙasa a bayansu, yana shanye sautin sifiku goma sha shida. Muka yaye shi gefe, muka jawo su gaba kaɗan, mutumin ya miƙe tsaye daga kujera don mamaki. Akasin haka ma matsala ce: falon da tayil ne ƙasa, babu kafet babu kujerun kushin, sautin zai yi ta karo da kansa har magana ta cakuɗe.

Don haka ka koma wurin mai shago ka ce ya nemo ikwalaizar da ta dace da zubin, ku yi ciniki a kan cikakken kaya. In ya samo, roƙe shi ku gwada a jikin bango, ka zo da abin da ka saba ji a wayarka, karatu ɗaya da kiɗa ɗaya, ka zauna ka saurara kamar minti ashirin. In ya ce ba za ta samu ba, bar masa kayansa, ka ƙara gaba cikin layin ka tambayi tsofaffin sifiku masu fuskantar gaba.