Ba Rashin Sani Ba Ne Ya Kai Ni, Gudun Tambaya Ne

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayar da ka ajiye mana shekaranjiya, inda kake neman sanin abin da ke sa mai hankali da ilimi ya ga gaskiya ƙiri-ƙiri amma ya rufe ido ya bi ayari, da kuma yadda mutum zai yi tunani da kansa ba tare da ya zama mai raina na gaba da shi ba. 'Yan'uwa da dama sun ce jahilci ne ko kwaɗayi. Ban musa ba, sai dai abin da ya same ni ya nuna mini cewa akwai wani abu a ƙarƙashin waɗannan biyun, shi ya sa zan ba da labarina duk da cewa ba shi da daɗin faɗa.

Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, na haura shekara ashirin ina koyarwa. Lokacin da tsarin zuba kuɗin nan mai suna MMM ya mamaye ƙasar nan a 2016 da alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata, ina cikin masu jan kunnen jama'a. A ɗakin malamai na ɗauki alli na nuna wa abokan aiki cewa idan alkawarin gaskiya ne, naira 100,000 za ta haura miliyan 2 da dubu 300 cikin shekara guda, kuma babu noma ko fatauci da ke haifar da haka. Na gaya musu cewa mai tsarin, Sergei Mavrodi, ya taɓa kafa irinsa a Rasha ya rushe a 1994. A watan Disamba na wannan shekarar aka dakatar da biyan mutane, na ga waɗanda suka yi kuka da hawaye. Ina ambaton wannan ne domin a fahimci cewa babu abin da ya ɓuya mini game da yadda irin wannan harka take: kuɗin wanda ya shigo yau ake ba wanda ya shigo jiya, ranar da sababbin shiga suka yi ƙaranci kuma komai ya tsaya.

Bayan shekara biyar, wani kamfani da ba zan ambaci sunansa ba ya buɗe ofis a garinmu, yana cewa noman shinkafa da kiwon kaji yake yi, yana ba da kashi 20 cikin ɗari duk wata. Na zuba naira 400,000, kuɗin da na jima ina tarawa ta hanyar adashi domin sayen fili.

Abin da nake so ka lura da shi, Malam, shi ne ban taɓa zama na yi lissafin ba. Ni da na cika allo da lambobi domin wasu, ban ɗauki biro na minti biyu domin kaina ba, alhali na san cewa kashi 20 a wata yana nufin kuɗi ya ninka kusan sau tara a shekara. Duk lokacin da tunanin ya taso, sai in ce wa kaina wannan daban ne, tunda akwai ofis, akwai takardar rajista a jikin bango, akwai hotunan gona, kuma mutanen da muke sahu ɗaya da su a masallaci suna ciki. Maiɗakina, wadda karatunta bai kai nawa ba, ta yi mini tambaya ɗaya tak: shinkafar da suke nomawa, a wace kasuwa ake sayar da ita, wa ya taɓa ganin buhunta? Na ce mata ba ta san harkar zamani ba. Har yau ina tuna zafin da na ji a ƙirjina a lokacin, kuma yanzu na gane cewa ba rainin da na zata ta yi mini ne ya ba ni haushi ba, taɓa wurin da nake ɓoyewa ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda na nemi fatawa. Akwai malamai biyu da nake zuwa wurinsu. Ɗaya na san halinsa, ba ya amsa tambayar ciniki sai ya bi diddiginta, don haka na kauce masa. Na je wurin ɗayan na ce, Allah ya gafarta Malam, mutum ya ba manoma jari suna juyawa ana raba riba, ya halatta? Ya ce ya halatta, kuma gaskiya ya faɗa a kan abin da na tambaya. Ban gaya masa cewa an yanke ribar a kan uwar kuɗi tun kafin a yi shuka ba, kuma an lamunce mini cewa babu asara, alhali na san cewa a ƙiradi, wato ba wani jari ya juya, ana raba abin da aka samu ne bisa kason da aka yi yarjejeniya, idan aka faɗi kuma mai jari ne ke ɗaukar asarar dukiya. Na sassaƙa tambayar yadda amsa ɗaya kawai za ta iya fitowa daga cikinta, sannan na dawo gida ina cewa na tambayi malamai. Allah ya faɗa a Suratul Ƙiyama cewa mutum mai shaida ne a kan kansa ko da ya jero uzurorinsa, kuma ban taɓa jin nauyin ayar ba kamar bayan wannan lamari.

Wata biyu na karɓi naira 80,000 kowane wata, na mayar da ita ciki, sannan na jawo ƙanena ya sa naira 150,000 na jarin shagonsa. A nan ne yaudarar ta yi saiwa, domin daga ranar da na kawo wani, amincewa da cewa harkar ƙarya ce ya zama daidai da amincewa da cewa na cuci ɗan'uwana. Da biya ya fara jinkiri, ni ne nake kwantar wa mutane hankali ina cewa matsalar banki ce. A wata na biyar muka tarar da ofis a rufe da kwaɗo.

Game da sashe na biyu na tambayarka, ina ganin mutane suna kuskuren ɗaukar tunani da kai a matsayin ƙin jin maganar kowa. A lokacin da nake cikin ruɗu, gani nake ni ne mai tunani da kansa, tunda na ƙi jin matata da gargaɗin hukuma. Ashe son zuciyata nake bi, taron jama'a kuma ya zama mini mafaka. Wadda ta yi tunani da kanta a gidanmu ita ce wadda ta tambayi ina buhun shinkafar yake, kuma ta yi haka cikin ladabi, ba ta ɗaga murya ba, ba ta raina kowa ba.

Abin da nake yi yanzu kaɗan ne. Idan zan yanke shawara mai nauyi, nakan tambayi kaina wane ne ba na son ya ji wannan maganar, sai in fara da shi. Nakan rubuta tambayar da zan kai wa malami ko masani a takarda, in duba ko akwai abin da na cire saboda tsoron amsa. Idan kuma wata tambaya ta sa na ji haushi nan take, nakan kwana a kanta kafin in mayar da martani. Ban ce na warke ba, domin a wasu al'amura, musamman siyasa da abin da ya shafi 'ya'yana, har yanzu nakan kama kaina ina zaɓen wanda zan saurara.

Ƙanena bai taɓa neman kuɗinsa a wurina ba, ya ce ƙaddara ce ta same mu tare. Na ce masa ƙaddara gaskiya ce, amma shi maganata ya bi, ni kuwa na san abin da na ƙi dubawa. Na biya shi kaɗan-kaɗan daga albashi har na kammala, filin kuma har yau ban saya ba.