Amsa ga ɗan'uwanmu na unguwar Nima a Accra mai goyon bayan Swansea

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka, inda ka ce ka fara goyon bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Swansea ne lokacin da ɗan wasan Ghana André Ayew ya je can a 2015, kuma ga shi ya daɗe da barin ƙungiyar amma kai ka kasa barinta. Ka ce abokanka suna tambayarka ribar da kake samu a ƙungiyar da ko a talabijin ba a cika nunawa ba, har ka fara tunanin komawa Manchester City ko Real Madrid ka huta. Yawancin amsoshin da aka ba ka zolaya ce, shi ya sa na zauna in rubuta maka da tsawo, domin ciwon da ke damunka shi ne nawa, kuma na riga ka kamuwa da shi. Ni Portsmouth nake goyon baya, daga nan Aboabo a Kumasi, ƙasar Ghana.

Ta ƙofar da ka shiga ni ma na shiga, wato ta ɗan wasanmu na gida. Sulley Muntari ya koma Portsmouth daga Udinese a 2007, kuma a farkon 2008, da Ghana ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka, shi ya ci ƙwallon nan ta nesa a ragar Gini ana dab da tashi a wasan buɗe gasa, sannan ya sake ci a nan filin Baba Yara ranar da muka doke Kwaddibuwa 4 da 2 a wasan neman na uku. Ɗan Konongo ne, nan kusa da mu, kuma a lokacin duk inda ya sa ƙafa nan zuciyar samarin Zango take. Wata guda bayan haka Portsmouth ta je Old Trafford a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe na Kofin FA, aka ba mai tsaron ragar Manchester United jan kati, ɗan bayansu Rio Ferdinand ya sa safar hannu ya shiga raga, Muntari ya buga fenariti ya ci. A watan Mayu Kanu ya ci Cardiff ƙwallo ɗaya a Wembley, muka ɗauki kofin. A wannan shekarar ba ni kaɗai ba ne, muna da yawa a unguwa.

Muntari bai wuce kaka ɗaya ba ya tafi Inter Milan, kuma kusan kowa ya bi shi. Ban ga laifinsu ba, domin su ɗan wasa suke bi tun asali. Abin da ya faru da ni, wanda na tabbata shi ya faru da kai, shi ne a cikin wannan shekara guda na riga na san sauran 'yan wasan, na san sunan filin Fratton Park da yadda magoya bayansa ke rera waƙa ba ƙaƙƙautawa ko ana cinsu, na san cewa garin tashar jiragen ruwan yaƙi ne a kudancin Ingila kuma babban abokin gabarsa Southampton ne. Ranar da muka ci AC Milan biyu ba ko ɗaya a watan Nuwamban 2008, sannan Ronaldinho da Inzaghi suka farke ana shirin tashi, na kasa cin abincin dare, alhali babu ɗan Ghana ko ɗaya da nake kallo a ƙungiyar. A ranar na gane ba sauran fita.

Yanzu bari in ba ka labarin ranar da ban taɓa mantawa ba, domin ka san dariyar da ake yi maka ba ta kai komai ba. A watan Fabrairun 2010 bashi ya ci ƙarfin Portsmouth, ta zama ƙungiyar Firimiya ta farko da aka ɗora wa masu kula da dukiyar wanda ya karye, aka zabtare mata maki 9, ta faɗi daga gasar. Duk da haka waɗannan 'yan wasa da albashinsu ke makara suka doke Tottenham 2 da nema suka kai wasan ƙarshe na Kofin FA, inda za su haɗu da Chelsea ranar 15 ga Mayu. Ka san yadda Chelsea take a ƙasar nan saboda ɗan wasanmu Essien. Na je gidan kallon da na saba zuwa, na wani mutum da ba zan ambaci sunansa ba, sanye da rigar Portsmouth da na tsinta a gwanjo a kasuwar Kejetia, shuɗiya ce kamar tasu amma tambarin tauraro da jinjirin wata ya bambanta ta. Wannan mutum ni nake gyara masa janareta idan ta tsaya, ban taɓa karɓar ko sisinsa ba, kuma shi da kansa ya jawo mini benci a sahun gaba, wai don girmamawa.

A zagayen farko Chelsea ta bugi turke har sau biyar ƙwallo ta ƙi shiga, ɗakin ya yi tsit, ni kuwa na fara jin cewa yau ranarmu ce. Bayan an dawo hutun rabin lokaci aka ba mu fenariti, Kevin-Prince Boateng ya ajiye ƙwallo, wanda a lokacin yake shirin fara buga wa Ghana. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Ya buga ta tsakiya ba ƙarfi, mai tsaron ragarsu Cech ya tare da ƙafa. Ba a yi minti biyar ba Drogba ya ci da bugun tazara, kuma a haka aka tashi. Wannan duk ƙwallo ce, na iya haɗiye ta. Abin da ban haɗiye ba shi ne abin da maigidan kallon ya yi. Ya ɗauko allon da yake rubuta wasannin mako, ya goge shi da gefen hannu, ya rubuta da alli cewa ana karɓar gudummawar jana'izar Portsmouth, sannan ya ɗauko tasar da yake karɓar kuɗin ƙofa ya ajiye ta a gabana. Yara waɗanda na girmi iyayen wasunsu suka jeru suna jefa tsabobi a ciki suna yi mini ta'aziyya, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana riƙe ciki don dariya. Har abokin da na biya wa kuɗin shiga ya jefa nasa. Na zauna har ɗakin ya watse domin ban so a ga na fita da gudu, kuma allon nan ya kwana a bakin titi da rubutun a jikinsa har aka shiga wani mako, duk wanda ya wuce sai ya karanta. Da janaretarsa ta sake lalacewa ya aiko yaro ya kira ni kamar ba abin da ya faru. Ban je ba, kuma har yau ban sake taka wurin ba. Muna gaisawa a masallaci da wurin suna, iyakarta ke nan. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mutumin nan da ya yi mini jana'iza saboda Chelsea, kwanakin baya na gan shi a kan babur da rigar Manchester City. Irinsu ne 'yan bi Yarima a sha kiɗa, kuma su ne suka fi kowa baki.

Bayan nan abin ya ƙara lalacewa. A 2012 aka sake cire mana maki 10 saboda bashi muka gangara rukuni na uku, a 2013 muka faɗa na huɗu. Ƙungiyar da ta ci gasar Ingila a 1949 da 1950 ta kusa shafewa gaba ɗaya. Su wa suka cece ta? Magoya bayanta ne, talakawan gari, suka haɗa kuɗi suna sayen hannun jari a kan fam 1,000 kowanne, suka karɓi ƙungiyar a watan Afrilun 2013. Ni ba ni da fam dubu, ban kuma taɓa zuwa Ingila ba, amma ranar da na karanta labarin sai na ji kamar an biya wa gidanmu bashi. Shekarun ke nan na ɗauke wuta a ƙasar nan, ina zaune a shago cikin duhu ina bin wasa da Accrington ko Morecambe ta rubutu a waya, ina lallaɓa batir kada ya mutu kafin a tashi. Mun ci rukuni na huɗu a 2017, muka ci na uku a 2024, muka dawo rukuni na biyu bayan shekara 12. Da aka busa tashi a wasan Barnsley da muka ci 3 da 2, ba wanda ya san abin da nake yi wa murna a layinmu, har matata ta fito ta tambaya ko lafiya.

To ga amsar abin da abokanka ke tambaya, gwargwadon yadda na fahimce ta. Mai goyon bayan babbar ƙungiya ya saba da nasara har ta zama masa kamar haƙƙi, idan an ci ya ce dama haka ya kamata, idan an yi canjaras ya kwana yana zagin koci. Mu kuwa nasara ɗaya tana isarmu shekara goma muna ba da labarinta. Ka tambayi duk ɗan Leicester na gaskiya abin da 2016 take a wurinsa, lokacin da 'yan Ghana Amartey da Schlupp suka ɗauki Firimiya tare da su, ko ɗan Crystal Palace da ya jira tun kafuwar ƙungiyar sai a 2025 ya ga babban kofi na farko. Akwai kuma sanayya. A ƙaramar ƙungiya kana ganin yaro tun yana fitowa daga makarantar horo, ka san rauninsa, ka ji zafin sayar da shi, kuma magoya bayanta na can idan suka ga ɗan Afirka ya rubuta musu a intanet suna amsawa da murna domin ba su saba gani ba. Ni an taɓa aiko mini da hoton filin daga mazaunin wani dattijo don kawai na ce daga Kumasi nake. Sannan akwai taurin kai, ba zan ɓoye ba. Wasunmu ba ma son tsayawa inda taro ya tsaya.

Kada ka koma ko'ina. Ba ina nufin haramun ba ne, ina nufin ba zai yiwu ba. Za ka sa sabuwar riga amma ranar Asabar sakamakon Swansea za ka fara dubawa. Ka kuma karanta tarihin ƙungiyarka kafin zuwan Ayew, domin da shi za ka tsaya a gaban masu dariya. A 2003 sai da Swansea ta doke Hull 4 da 2 a ranar ƙarshe kafin ta tsira daga ficewa daga rukunonin ƙwararru huɗu na Ingila, kuma shekara goma bayan haka ta ɗauki Kofin League da ci 5 da nema a kan Bradford. Wanda ya san wannan ba zai ji kunyar faɗuwar 2018 ba, ko rashin nasara a hannun Brentford a Wembley a 2021. Amma kada ka riƙa kai musu a majalisa ranar da kuka sha kashi, ka sha atayarka ka yi shiru. Kuma don Allah kada ka haɗa soyayyar nan da cacar ƙwallo. Na ga yara a nan Asawase da suka fara da son ƙungiya suka ƙare ba su san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba sai lissafin takardar caca, wani ma har da jarin shagon mahaifiyarsa.

Wani abu kuma da yake ci mini tuwo a ƙwarya, ko da ba ka tambaya ba. Muna kuka a kan ƙananan ƙungiyoyin Turai alhali namu suna buga wasa a gaban kujeru. A Kumasi kowa Kotoko, a Accra kowa Hearts, sauran kuwa ko oho. King Faisal ta Alhaji Grusah, wadda Samuel Osei Kuffour ya bi ta cikinta kafin ya tafi Turai, ta faɗi daga gasar Firimiyar Ghana a 2023, kuma a wannan kakar ce ta kai wasan ƙarshe na Kofin FA ta sha kashi a hannun Dreams FC. Daidai abin da ya same mu a 2010, wannan karon a ƙofar gidana, da yaran da nake gani a unguwa. Ranar na ji tsohon mikin ya tashi sabo. Kuma ka duba, Aduana ta ci gasar a 2010 a shekarar da ta fara hawowa, Medeama ta ci a 2023, Samartex a 2024, Bibiani Gold Stars a 2025, duk ƙungiyoyin garuruwan da a da ba a lissafa su. Kai da kake Nima, inda Kudus ya fara taka leda kafin Nordsjælland da Ajax su san shi, ba ka da uzurin rashin zuwa kallon wasan ƙananan rukunoni ko na yaran unguwa ranar Lahadi. Kuɗin shiga bai kai na data da kake ƙonawa wajen neman inda za ka kalli Swansea ba.

Game da riga, tunda ka ce ka nema ba ka samu ba, kada ka ɓata lokaci a shagunan da ke sayar da na manyan ƙungiyoyi. Ka je kasuwar Kantamanto da sassafe ranar da ake kwance dila, ka gaya wa masu kayan wasanni abin da kake so ka bar musu lambarka, domin irin waɗannan riguna suna zuwa jefi-jefi kuma ba mai rububinsu, da araha za ka samu. Idan ka haihu kuma kada ka tilasta wa yaro ƙungiyarka. Nawa babban Real Madrid yake yi, na bar shi, sharaɗina ɗaya ne kawai: ranar da aka ci abokinsa ya yi masa zolaya iya zolaya amma kada ya tara masa jama'a. Muna da ɗan zaure a WhatsApp, mu 'yan tsiraru, akwai ɗan Sunderland tun zamanin Asamoah Gyan, akwai wani dattijo ɗan Leeds tun ƙwallayen Tony Yeboah na 1995, kuma ba mu da ɗan Swansea. Idan kana so ka yi mini magana ta akwatin saƙo in sa ka.