Turare, Abinci da Falon Hutawa: Amsoshin Tambayoyinku kan Filin Jirgin Sama

Tambaya: Assalamu alaikum. Tafiyar da zan yi sai na sauya jirgi a hanya. Ina son in sayi babbar kwalbar turare a shagon diyuti-firi (mai sayar da kayan da aka cire wa haraji) na filin farko, amma an ce min ana iya ƙwacewa a gaba. Da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wanda ya gaya miki bai yi ƙarya ba. Tun bayan watan Agusta na 2006, lokacin da aka bankaɗo wani shiri a Ingila na shigar da abin fashewa mai ruwa-ruwa cikin jirage, aka kafa dokar da yawancin filaye ke bi har yau. Duk abu mai ruwa da zai shiga jakar hannu, kada mazubinsa ya wuce mililita 100, kuma dukkansu su shige cikin leda guda mai nuna abin da ke ciki, wadda ba ta fi lita 1 ba. Girman kwalbar ake dubawa, don haka kwalbar mililita 200 da ta kusa ƙarewa ma ba ta wucewa. Man shafawa da man goge baki da zuma, duk ruwa ne a wurin jami'an.

Shagon yana bayan wurin bincike ne, shi ya sa za ki shiga jirgin farko da kwalbarki ba wanda ya ce miki uffan. A zango na biyu matsalar take, inda sau da yawa ake sake caje masu sauya jirgi. Abin da zai cece ki shi ne leda ta musamman mai jan baki, wadda mai shago ke liƙewa da rasit a ciki, rubutunsa na kallon waje. Ki gaya masa kina da wani jirgi a gaba, ki tsaya a kansa har ya liƙe. Daga nan kada ki buɗe, ko don ki shinshina. Da zarar bakin ledar ya yage, ta tashi daga aiki. Amurka ma ta ƙara sharaɗin cewa sayayyar ba ta wuce awa 48 ba.

Shawararmu dai ki bari sai filin ƙarshe da za ki tashi daga cikinsa, inda babu sauran bincike a gabanki. In kuwa lallai a na farko kike so, ɗauki kwalbar mililita 100 cif, wadda ko ba ledar shago za ta wuce. Wasu filayen sun sa sababbin na'urori sun sassauta dokar, amma sassaucin wani fili ba ya bin ki zuwa wani.

Tambaya: Wai kayan diyuti-firi sun fi arha kuwa, ko suna ne kawai?

Amsa: Malam, wasu sun fi, da yawa ba su fi ba. A filin jirgin Shannon na ƙasar Ailan aka buɗe irin wannan shago na farko a 1947, bisa hujjar cewa matafiyin da ya riga ya fita ƙasa bai kamata ya biya harajinta ba. Harajin ake cirewa. Kuɗin haya na nan, kuma hukumar filin na karɓar kasonta daga cinikin kowane shago, duk a kan mai saye yake ƙarewa. Don haka rangwamen ya fi fitowa a kayan da haraji ya yi wa nauyi a waje, irin su turare da kayan kwalliya. Cakulan da kayan lantarki kuwa, sau tari farashinsu daidai yake da na gari, ko ma ya ɗara.

Tun kana gida ka rubuta farashin abin da kake so. A shagon kuma ka raba farashin da yawan mililita ko giram, domin akwai girman kwalba da na kwali da ake yi don filayen jirgi kaɗai, wanda ke sa kwatantawa da ido ta yi wuya. In waya ce ko kwamfuta, tambayi ko garantin yana aiki a ƙasar da za ka yi amfani da ita, ka kuma duba bakin cajar. Sannan ka tuna kwastam na ƙasar da za ka sauka suna da nasu ƙa'ida. Tarayyar Turai, alal misali, kayan Yuro 430 ta yafe wa baligin da ya shigo ta jirgin sama daga waje. Abin da ya haura, sai an biya.

Tambaya: Ina da awa biyu tsakanin jirage, ga yara biyu. Mu zauna a gidan abinci, ko mu haƙura da na cikin jirgi?

Amsa: 'Yar'uwa, awa biyun nan ba duka naki ba ne. Katin shiga jirgi na ɗauke da lokacin fara shiga, wanda ke zuwa minti 30 zuwa 50 kafin tashi, kuma ana rufe ƙofa saura minti 15 ko 20. Cire lokacin sauka daga jirgin farko, da layin bincike, da tafiyar ƙasa. A manyan filaye irin na Istanbul da Dubai, daga tsakiyar zaure zuwa ƙofar da ke can ƙurya sai mutum ya ci minti 20, balle da yara. Abin da zai rage miki da wuya ya kai minti 40, alhali gidan abincin da ake zama a kawo wa mutum yana bukatar kusan awa guda.

Fara nemo ƙofarki, ki ga lambarta da idonki, sannan ki sayi abin da aka riga aka dafa a kusa da ita. Ki riƙa duba allo, don ana canza ƙofa, kuma wasu filayen sun daina sanarwa ta lasifika.

Me za a ci? Mara nauyi. Matsin iskar cikin jirgi kamar na kan dutse ne mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, kuma a nan iskar cikin mutum kan kumbura da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Lemo mai gas da wake da kabeji su ke sa yaro kukan ciwon ciki a sama. Iskar kuma busasshiya ce ƙwarai, ruwa ya fi komai. Ki wuce bincike da gora babu komai a ciki, ki cika ta a famfon sha na zauren. Madarar jariri da maganin ruwa an yarda su wuce mililita 100, sai dai ki fito da su ki nuna. 'Ya'yan itace da nama kuwa a cinye kafin sauka, domin ƙasashe irin su Ostareliya da Amurka na cin tarar wanda ya shigo da su bai bayyana ba.

Tambaya: Falon hutawa na kuɗi, ya cancanci a biya?

Amsa: In jiranka ya kai awa uku, kuma dama za ka sayi abinci da abin sha, e. Za ka samu abinci, da kujera mai kyau, da soket, wani lokaci har da wurin wanka. Ƙasa da awa biyu asara ce. Yawancinsu awa uku suke ba mutum, kuma in sun cika suna mayar da masu Priority Pass, wato katin da ke ba mutum izinin shiga irin waɗannan falo, don haka kada ka dogara da shi kacokan. Duba katin bankinka tukuna, wasu na ɗauke da izinin shiga kyauta. Ka kuma tabbata falon yana ɓangaren da kake. Ko katafaren ginin Jewel na filin Changi a Singafo, wanda aka buɗe a 2019 da ruwansa mai zubowa daga tsawon mita 40, yana wajen shingen shige da fice ne, mai sauya jirgi sai ya shiga ƙasar kafin ya taka cikinsa. Wurin ibada da ɗakin shayar da jarirai kyauta ne a kusan duk manyan filaye, bi alamomin sama kawai.

Tambaya: Na'urar biyan kuɗi ta tambaye ni ko in biya da kuɗin ƙasata ko na ƙasar da nake. Wanne ya fi?

Amsa: Na ƙasar da kake. In ka zaɓi naka, kamfanin na'urar ne zai yi canjin da farashin da ya ga dama, wanda kusan kullum ya fi na bankinka tsada. 'Yan canjin cikin fili ma haka, canza na mota zuwa masauki kawai.

Tambaya: Ina son sayen babban fawa-bank a filin. Akwai iyaka?

Amsa: Akwai. Har zuwa 100Wh (Wh shi ne ma'aunin wutar da batirin ke ɗauka) ba a neman izini, daga nan zuwa 160Wh sai da amincewar kamfanin jirgi, abin da ya haura haramun ne. Lissafin ba wuya: ninka adadin mAh da ke rubuce a jikinsa da 3.7, ka raba da 1,000. Mai 20,000mAh ya kama 74Wh, mai 30,000mAh kuma 111Wh, ya tsallake iyaka ke nan. Zaɓi wanda aka buga adadin a jikinsa ɓaro-ɓaro, don wanda rubutunsa ya goge ana iya karɓe shi. A jakar hannu yake zama, ba ya shiga akwatin da ake aunawa, saboda batirin litiyom in ya kama wuta gara a inda ma'aikata za su gani su kashe. In jirgi ya cika aka karɓi jakarka a bakin ƙofa za a kai ƙasa, ciro shi tukuna. Wasu kamfanonin kuma yanzu sun hana caji da shi a cikin jirgi, don haka cika wayarka a soket ɗin zaure kafin a kira ku.